Me ya sa kwari ya fito kamar tudu a zanena na Matplotlib?

Wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu a fannin nazarin ƙasa da duwatsu a nan Jos ta aiko da wannan tambaya a kan Matplotlib, manhajar zane ta Python:

"Salamu alaikum Malam. Ina da bayanan tsayin ƙasa na SRTM, daga cikin garin Jos zuwa duwatsun Shere, ina so in fitar da su a zanen 3D da `plot_surface` na Matplotlib saboda kundina. In na sa `cmap` launi yana fitowa amma babu inuwa, ko da na rubuta `shade=True`. Da na koma `facecolors` sai zanen ya yi duhu, sandar launi ta ƙi fitowa, ga fararen layuka ko'ina. Malamin da ke duba aikina kuma ya ce kwarin da ke zanen ya fi kama da tudu. A ina matsalar take?"

Wa alaikis salam, ƙanwata. Yawancin abubuwan da kika lissafa tushensu ɗaya ne. Launi da inuwa ayyuka biyu ne daban. Launi yana gaya wa mai karatu adadi, wato wannan wuri mita nawa ne tsayinsa. Inuwa kuma tana nuna masa siffa, inda ƙasa ta tashi da inda ta gangara. Muddin kika bar wa manhajar ta yanke miki shawara a kan su biyun, ko dai ta jefar da ɗaya, ko ta maimaita ɗaya sau biyu, kuma duka biyun sun same ki. Mafita ita ce ki haɗa launi da inuwar da hannunki tukuna, sannan ki miƙa wa `plot_surface` abin da kika gama, ki hana shi ƙara komai.

Ki fara da sanin abin da `plot_surface` yake yi. Ba ya zana shimfiɗa mai santsi. Yana yanka wurin ne zuwa ƙananan tayil masu kusurwa huɗu, kowane tayil ya shafa masa fenti guda ɗaya tak daga wannan gefe zuwa wancan. Hanyoyi uku yake bi wajen zaɓar fentin. In kika ba shi `color`, duk tayil ɗin launi ɗaya ne, sai ya duhunta wasu ya bar wasu gwargwadon inda suka fuskanta. In kika ba shi `cmap`, sai ya ɗauki matsakaicin tsayin kowane tayil ya nemo masa launi a cikin jerin launukan, kuma a nan yana kashe inuwa gaba ɗaya. Haka aka tsara shi, kuma an rubuta hakan a bayanin aikin: da zarar an ba da `cmap`, `shade` ba ya aiki. Saboda haka `shade=True` da kika rubuta bai taɓa komai ba, kuma laifin ba na kwamfutarki ba ne. Hanya ta uku ita ce `facecolors`, inda ke da kanki za ki kawo launin kowane tayil. Ita ce hanyarmu.

Yadda ake lissafin inuwa ba shi da wuya, kuma in kin fahimce shi ba za ki ƙara lalube a cikin duhu ba. Tun 1760 Johann Heinrich Lambert ya bayyana cewa hasken da ke sauka a kan wuri ya danganta da yadda wurin ya karkata ga tushen hasken. Ki ɗauka an kafa kibiya tsaye cak a kan kowane tayil. In kibiyar tana nuna rana kai tsaye, tayil ɗin ya sami cikakken haske. In ta kauce da digiri 60, rabin haske ya samu. In ta kauce da digiri 90, bai sami komai ba. Abin da kika gani a gonakin dankali na hanyar Bukuru ke nan: da tsakar rana kunyoyi duk sun baje, da ƙyar ki bambanta kunya da kwarinta, amma da la'asar sakaliya kowace kunya ta fito raɗau, gefe ɗaya haske, gefe ɗaya inuwa. Gonar tana nan yadda take, tsayin rana ne ya sauya. A Matplotlib, `LightSource` ne ke riƙe da wannan rana. `azdeg` shi ne ɓangaren da take, ana ƙirgawa daga arewa a bi yadda hannun agogo ke juyawa: 90 gabas, 180 kudu, 270 yamma, 315 arewa maso yamma. `altdeg` kuma tsayinta ne daga ƙasa. In ba ki faɗi komai ba zai ɗauki 315 da 45. A wuri mai duwatsu irin Shere, daga 40 zuwa 45 ya wadatar. In yankinki filin da ke kudancin gari ne inda tudun bai taka kara ya karya ba, ki sauko da ita zuwa 30 ko 25 don ƙananan gangara su bayyana.

Ga yadda nake tsara shi. Lambobin tsayi da faɗi misali ne, ki musanya su da na bayananki:

```python
import matplotlib.pyplot as plt
from matplotlib.colors import LightSource, Normalize
from matplotlib.cm import ScalarMappable

launi = plt.get_cmap("viridis")
awo = Normalize(vmin=1100, vmax=1850)
rana = LightSource(azdeg=315, altdeg=40)
fenti = rana.shade(z, cmap=launi, norm=awo, blend_mode="soft",
                   dx=90, dy=90, vert_exag=2)

fig = plt.figure(figsize=(9, 6))
ax = fig.add_subplot(projection="3d")
ax.plot_surface(x, y, z, facecolors=fenti, shade=False,
                rstride=1, cstride=1, linewidth=0, antialiased=False)
ax.set_zlim(1100, 1850)
ax.set_box_aspect((20000, 20000, 750 * 3))
fig.colorbar(ScalarMappable(norm=awo, cmap=launi), ax=ax,
             label="Tsayi a mita")
```

Duhun da kika gani daga rashin `shade=False` ya fito. A hanyar `facecolors` inuwar cikin gida tana nan a kunne, don haka bayan ke kin sa taki inuwar, shi ma sai ya ɗora tasa a kai. Tasa kuwa tana iya rage hasken tayil har ya koma kashi 30 cikin 100. Abin da ya fi muni, ranarsa ba a inda taki take ba: tasa tana kudu maso yamma, digiri 225, kuma can ƙasa-ƙasa, ba ta kai digiri 20 ba. To ga rana ɗaya a arewa maso yamma, ga wata a kudu maso yamma, kowace tana duhunta nata gefen. Gangaren da ya tsira daga ɗaya sai ɗayar ta kama shi. Shi ya sa zanen ya yi duhu, kuma ido ya kasa gane ta ina haske ke zuwa.

Sai batun `dx` da `dy`, wanda ɗalibai da yawa suke tsallakewa. Su ne tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo a ƙasa, kuma dole ma'auninsu ya zama ɗaya da na tsayi. An tattara bayanan SRTM ne a watan Fabrairun 2000 daga jirgin sama jannati na Endeavour, kuma suna zuwa iri biyu, mai tazarar kusan mita 30 da mai kusan mita 90. In kika bar `dx` da `dy` a kan 1, kin gaya wa manhajar cewa tsayin da ya sauya a cikin mita 90 ya sauya ne a cikin mita ɗaya, sai kowane ɗan tudu ya zama katanga, inuwa ta koma baƙi da fari babu tsaka-tsaki. In kuma kika ba shi tazarar a digiri alhali tsayi yana mita, abin ya fi haka lalacewa. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne. A Jos, da yake muna kusa da digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma bai gaza haka da yawa ba, kusan kilomita 110 ne. Za ki iya lissafawa da hannu, amma ya fi tsabta ki juya fayil ɗin zuwa UTM, tsarin taswira mai auna wuri da mita, shiyya ta 32 ta arewa, wadda ta ɗauko daga digiri 6 zuwa 12 gabas, a manhajar taswira ta QGIS, kafin ki shigo da shi Python. Daga nan komai yana mita.

Ki kuma duba mafi ƙanƙantar lamba a cikin `z`, wato jadawalin lambobin tsayi. A fayilolin SRTM da ba a cike giɓinsu ba, inda na'urar ta kasa auna tsayi ana sa -32768, kuma irin wannan giɓi ya fi yawa a wurare masu tsananin gangara. Ɗigo ɗaya irin wannan ya isa ya janye duk jerin launuka zuwa ƙasa, sauran zanen ya zama launi ɗaya. Ki cike giɓin ko ki rufe shi kafin ki yi komai.

Maganar malaminki ita ce ta fi muhimmanci a cikin duk tambayar, domin zanen da ya nuna kwari a matsayin tudu ya faɗi abin da ba gaskiya ba. Idon ɗan Adam ya saba da haske daga sama. In ya ga hoto a takarda, yakan ɗauka hasken daga saman takardar yake zuwa, ya ɗan karkata hagu. Gefen da ya yi haske ta sama, duhu ta ƙasa, sai ido ya ce tudu ne. In aka juya, duhu ta sama haske ta ƙasa, sai ya ce rami ne. Wannan ne dalilin da masu zana taswira suka daɗe suna ajiye rana a arewa maso yamma, tunda arewa ce saman takarda. Kada ki ce za ki nemi inda rana take da gaske a Jos ki sa. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ranar tsaka tana ɗan arewa da mu, sauran watanni tana kudu, kuma babu ranar da take tsayawa a digiri 315 a tsayin digiri 45. Ranar taswira an ajiye ta ne saboda idon mai karatu.

To ta yaya naki ya juye, in dai kin bar ta a 315? Abu na farko da nake zargi shi ne jerin layukan `z`. `LightSource` yana ɗauka cewa layin farko na jadawalin lambobin shi ne arewa, kamar yadda fayilolin taswira da `imshow` suke. In kin juya jadawalin, ko kin gina shi ta yadda layin farko ya zama kudu, to hasken da kika ce ya zo daga arewa maso yamma zai sauka daga kudu maso yamma, ba tare da wani gargaɗi ba. Wani lokacin kuma `z` yana daidai amma `y` ne aka gina yana ƙaruwa daga layin farko zuwa na ƙarshe, sai duk yankin ya kife, arewa ta koma kudu. Gwajin mai sauƙi ne. Ki nemo ɗigon da ya fi kowane tsayi a jadawalin, ki buga `x` da `y` nasa. Ƙololuwar Shere tana kusan mita 1,829, kuma tana gabas da gari. In lambobin suka nuna wani wuri daban, kin kama ɓarawon. Sannan ki zana `fenti` a shimfiɗe da `imshow` kafin ki shiga 3D, ki bi kwarin kogin Dilimi da ido. In ya nutse a nan, inuwarki lafiya take.

Abu na biyu shi ne inda kika tsaya kina kallo. Inuwar da kika lissafa ta manne a jikin tayil, ba ta juyawa in kin juya zanen. In ba ki taɓa `view_init` ba, mai kallo yana kudu maso gabas ne, `azim` na -60 da `elev` na 30, don haka hasken arewa maso yamma yana zuwa masa daga can nesa, daga saman hoton, yadda ido ke so. In kin juya zanen don ki kalli Shere daga arewa, hasken ya dawo yana fitowa daga ƙasan hoton. Ki zaɓi inda za ki tsaya tukuna, sannan ki ajiye rana ta yadda za ta zo daga sama ta hagu a hoton da zai shiga kundi. Kuma ki sa kibiyar arewa ko ki rubuta gabas da arewa a jikin layukan awo, domin a 3D mai karatu ba shi da hanyar sanin inda ya fuskanta.

Fararen layukan kuma daga gefunan tayil suke. Manhajar tana ɗan tausasa gefen kowane tayil don kada ya yi kaifi, sai farin bango ya leƙo ta tsakanin maƙwabta biyu. `antialiased=False` da `linewidth=0` suna kawar da su. In za ki adana a PDF ki ƙara `rasterized=True` ki sa `dpi=300`, in ba haka ba fayil ɗin zai ɗauki kowane tayil ɗaya bayan ɗaya, ya yi nauyin da kwamfutar shagon buga takardu za ta daɗe ba ta buɗe shi ba.

Akwai wani abu da ba ki tambaya ba amma zai same ki. In ba ki faɗi `rstride` da `cstride` ba, wato ɗigo nawa kowane tayil zai ɗauka a tsaye da a kwance, `plot_surface` ba ya wuce tayil 50 a tsaye da 50 a kwance, wato 2,500, komai yawan bayananki. Kuma a hanyar `facecolors` ba ya haɗa matsakaicin launin da ke cikin babban tayil, launin ɗigo ɗaya na kusurwa yake ɗauka ya shafa wa duka. Inuwar da kika lissafa dalla-dalla sai ta fito dabbare-dabbare. In kin sa 1 da 1 zai zana komai, amma yanki mai kilomita 20 a tazarar mita 30 ya haura tayil 400,000, kuma zai ja lokaci sosai. Ki rage bayanan da kanki kafin lissafin inuwa, misali ki ɗauki ɗigo ɗaya cikin uku ta kowane gefe, ki tuna ki ninka `dx` da `dy` sau uku. Hoton da zai zauna a rabin shafi ba ya buƙatar fiye da ɗigo 200 zuwa 300 a kowane gefe.

Yanzu zaɓin launi, inda nake da ra'ayi mai ƙarfi. Ki guji `jet`, jerin nan mai kama da bakan gizo. Shi ne Matplotlib yake sawa da kansa tun zamanin da John Hunter ya fara aikin a 2003, har zuwa fitowar 2.0 a 2017 da aka maye gurbinsa da `viridis`, wanda Stéfan van der Walt da Nathaniel Smith suka tsara. Ba don ado aka canza ba. Hasken `jet` ba ya tafiya a jere: ƙarshensa na shuɗi duhu ne, ƙarshensa na ja duhu ne, tsakiyarsa kuma wajen rawaya haske ne ƙal. A zanen da ba shi da inuwa wannan yana ƙirƙiro iyakokin da babu su a ƙasa. A zane mai inuwa kuwa ɓarnar ta ninka, domin ido yana karanta haske da duhu a matsayin siffa, sai zoben rawayan nan ya zama kamar wani tudu da ya kewaye dutsen. Ga kuma abin da duk wanda ya yi kundi a garin nan ya sani: kwafi ɗaya ko biyu ne ake bugawa da launi, sauran baƙi da fari ne. A baƙi da fari, wuri mafi tsayi da wuri mafi ƙasa a `jet` kusan toka iri ɗaya suke zama. `viridis` yana tafiya daga duhu zuwa haske ba tare da komawa baya ba, don haka ko an buga shi babu launi ana gane sama da ƙasa, kuma wanda idonsa ba ya rarrabe ja da kore yana iya karanta shi. `cividis` ma an tsara shi ne musamman saboda irin waɗannan masu karatu.

Sai dai `viridis` yana da nasa cikas in an haɗa shi da inuwa. Ƙarshensa na ƙasa ya yi duhu sosai, kuma inuwa ba ta fitowa a kan abin da ya riga ya yi duhu. Ni nakan yanke kusan kashi 15 cikin 100 na farkonsa in yi aiki da sauran, ta hanyar `ListedColormap`. Haka kuma in kin fi son `terrain` saboda ya yi kama da taswirar makaranta, ki sani farkonsa shuɗi ne don teku aka yi shi. In kin sa shi yadda yake, wuri mafi ƙasa a yankinki, wanda ya haura mita 1,000 sama da teku, zai fito kamar ruwa. A Filato wannan ba ƙaramin ruɗani ba ne, tunda muna da kududdufan haƙar kuza na gaske birjik daga Rayfield zuwa Barkin Ladi, kuma mai karatu zai ɗauka su kike nunawa. Ki yanke kashi ɗaya cikin huɗu na farkon jerin, ki bar shuɗi ga ruwa kaɗai.

Sandar launi ta ƙi fitowa ne saboda a hanyar `facecolors` zanen bai san alaƙar launi da lamba ba, fenti kawai aka miƙa masa. `ScalarMappable` da ke layin ƙarshe shi ke dawo da wannan alaƙa, da sharaɗin ki ba shi `awo` da `launi` ɗin da kika yi amfani da su a sama, ba wasu ba. In zane biyu ne za a kwatanta, su yi tarayya a `vmin` da `vmax` ɗaya.

Amma ki riƙe wannan a ranki: da zarar inuwa ta hau kan launi, launin da ke jikin dutsen ya daina zama daidai da na jikin sanda. Wurare biyu masu tsayi ɗaya, ɗaya a gefen haske ɗaya a gefen inuwa, ba za su fito iri ɗaya ba. Wannan farashi ne da ake biya, aikinki shi ne ki rage shi. Shi ya sa na zaɓi `soft` a `blend_mode`, wato yadda ake cakuɗa launi da inuwa, domin ya fi sauran barin launi kusa da asalinsa. `overlay`, wanda `shade` yake ɗauka in ba a faɗa ba, ya fi shi kaifi, yana da kyau in siffar ce abin nunawa. `hsv` yana wanke launi a gefen haske ya sa dutse ya yi ƙyalli kamar roba, ba na ba da shawararsa ga kundi. In kwamitin jarrabawa zai buƙaci karanta tsayi daga hoton, ki rage `vert_exag`, wato ninkin tsayin da ake lissafa inuwa da shi, zuwa 1, inuwa ta zama ɗan taimako kawai.

Tunda siffar 3D ta riga ta nuna tsayi, sau da yawa asara ce a sake kashe launi a kan tsayin. Ke mai nazarin duwatsu ce, kina da abin da ya fi wannan amfani. Za ki iya barin `z` ya ba da siffa da inuwa, launi kuma ya ɗauki wani abu daban: tsananin gangara, wanda `np.gradient` zai fitar miki, ko ƙarfin maganaɗisun ƙasa da aka auna daga jirgin sama, don a ga yadda ya bi zoben duwatsun Younger Granites da Filato ya yi suna da su. Hanyar ita ce ki fitar da launin daga wancan jadawali, sannan ki kira `shade_rgb` ki ba shi launin tare da `z`. Ki faɗi `blend_mode` da bakinki a nan, don shi `hsv` yake ɗauka in an yi shiru. In kuma lambobin suna da sama da sifili da ƙasa da sifili, kamar na maganaɗisu bayan an cire na yanki, ki ɗauki jeri mai ɓangare biyu irin `RdBu_r` tare da `TwoSlopeNorm` mai `vcenter=0`, don farin tsakiya ya zauna a kan sifili daidai. Irin wannan jeri yana da haske a tsakiya, don haka inuwar da za ki ɗora masa ta zama mara nauyi ƙwarai.

Layin `set_box_aspect` kuma kada ki cire shi. In babu shi, Matplotlib yana zana akwatin a kan 4 da 4 da 3 ko mene ne a ciki. Ki lissafa: yanki mai faɗin kilomita 20, bambancin tsayi tsakanin gari da ƙololuwar Shere kusan mita 600. A zahiri tsayin kashi 3 ne cikin 100 na faɗin, amma akwatin zai mai da shi kashi 75. An ninka shi kusan sau 25 ke nan, ba tare da an gaya wa kowa ba, sai Shere ta fito da tsini kamar ba wadda muke gani daga gari ba. Ƙara tsayi ba laifi ba ne, kusan kowane zanen ƙasa yana yi, don in ba a yi ba komai zai kwanta. Sau 2 zuwa 4 ya isa a nan, kuma ki rubuta adadin a ƙarƙashin hoton. Wannan umarni ya shigo ne a fitowar 3.3 ta 2020, in ya ƙi aiki ki sabunta manhajar. Ki lura kuma `vert_exag` inuwa kaɗai yake shafa, ba ya ɗaga dutsen ko da taku ɗaya.

Akwai iyakar da gyara ba zai ƙetare ba. Sashen 3D na Matplotlib ba ya auna zurfi ɗigo bayan ɗigo. Yana jera tayil ne daga na nesa zuwa na kusa, ya zana su ɗaya kan ɗaya. A shimfiɗa guda wannan yana tafiya daidai. Amma in kin ɗora ta biyu, misali matakin ruwan ƙarƙashin ƙasa a ƙasan doron ƙasa, ko layin hanya, ko wuraren da kika ɗebo samfur, zai iya ɗora ɗaya gaba ɗaya a kan ɗaya ko da sun ratsa juna, kuma abin ya sauya in kin juya zanen. `computed_zorder=False` yana ba ki damar faɗin wanda zai hau kan wani, amma ba ya sa su ratsa juna da gaske. Haka nan ba ya tausasa inuwa a cikin tayil irin yadda dabarar Henri Gouraud ta 1971 take yi. In aikinki ya kai nan, ki koma PyVista, wanda aka gina a kan VTK, ko Plotly, inda `surfacecolor` ke ɗaukar launi, `lighting` da `lightposition` kuma suke riƙe da haske. A Plotly ki rage `specular` sosai, don dutse ba ya ƙyalli.

A babin sakamako kuwa, ina ba ki shawara hoton 3D ya zo tare da taswira a shimfiɗe. Wannan `fenti` ɗin da kika riga kika lissafa, ki zana shi da `imshow`, ki ba shi `extent` na iyakokin yankin a mita, ki ɗora layukan tsayi da `contour` a tazarar mita 50 ko 100 da siririn baƙin layi, ki sa musu lamba da `clabel`. A 3D duk abin da ke bayan Shere a ɓoye yake, kuma ba a iya aza ma'auni a auna nisa. A shimfiɗe malaminki zai iya bin kwarin da yatsa ya karanta lambobin layukan suna raguwa zuwa cikinsa. Ki kai masa su biyun a shafi ɗaya, da jerin launi ɗaya da `vmin` da `vmax` ɗaya.